Magana Zarar Bunu: Alƙaluman Ƙidaya, Kundin Kirifto Da Makomar Sirrin Jama'a

Duk magidancin da ya buɗe wa malaman ƙidaya ƙofar gidansa a watan Maris na shekarar 2006, ya lissafa masu matansa da 'ya'yansa da shekarun kowa da sana'ar da yake ci da ita, ya yi hakan ne bisa wani alkawari da hukumomin ƙidaya a ko'ina cikin duniya suke ɗaukar wa jama'a. Alkawarin kuwa shi ne, abin da ka faɗa amana ne: ba za a miƙa shi ga mai karɓar haraji ba, ba za a kai wa ɗan sanda ba, kuma ranar da za a buga sakamako sunanka ba zai fito ba, jimilla kaɗai duniya za ta gani. A kan wannan alkawari aka gina ƙidaya baki ɗayanta. Ranar da jama'a suka daina gaskata shi, ranar za su koma ɗabi'ar kakanninmu ta zamanin haraji da jangali, lokacin da hango mai littafi da alƙalami ya doso gari kan sa a kora shanu daji, a kuma rage yawan baligan gida. Ko boren matan Aba na 1929 daga ƙirga mutane da dabbobi ya samo asali, domin matan sun ɗauka share fagen ɗora masu haraji ake yi.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu shi ne, ilmin lissafi da ƙarfin kwamfuta sun kai matsayin da cire suna daga takarda bai isa ya rufa wa mai sunan asiri ba. Wannan ya tabbata a wurare biyu da a ido babu abin da ya haɗa su. Na farko, jadawalan da hukumomin ƙidaya ke bugawa. Na biyu, kundin cinikin kuɗin kirifto da ake kira bulokcen, wanda wasu ke kwaɗaita wa gwamnatoci su mayar da shi rumbun ajiyar bayanan 'yan ƙasa. Abin da ya haɗa su kuwa shi ne, kowannensu shela ce da ba a iya janyewa, kuma wanda zai karanta ta nan da shekara 20 zai zo da kayan aikin da babu su a ranar da aka yi ta. Bahaushe ya riga ya ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Yadda jimilla ke komawa suna

Bari mu fara da misali mai sauƙi domin mai karatu ya ga yadda abin yake. A ce akwai wani ƙaramin rukunin gidaje, hukuma ta buga cewa mata baligai uku ne a cikinsa. Wani jadawali ya ce matsakaicin shekarunsu 35 ne, wani ya ce ta tsakiyarsu tana da shekara 30, wani kuma ya ce ƙaramarsu tana da 20. Babu suna ko ɗaya a nan. Amma ko ɗan aji uku na sakandare zai gane cewa jimillar shekarunsu 105 ne, in ya cire 30 da 20 saura 55. Ke nan an san shekarun kowace ɗaya daga cikinsu. Sai kuma wani jadawali na daban ya ce a wannan rukuni akwai bazawara ɗaya da ta haura shekara 50, wani ya ce akwai mace ɗaya mai irin waɗannan shekaru da ba a ƙasar aka haife ta ba. Duk wanda ke riƙe da rajistar masu zaɓe ta wannan layi, mai ɗauke da suna da ranar haihuwa, ya gama sanin ko wace ce, ya kuma san abin da ta faɗa wa malamin ƙidaya a asirce.

Kowane jadawali shi kaɗai bai tona komai ba, haɗuwarsu ce ta tona. A shekarar 2003 wasu masana biyu, Irit Dinur da Kobbi Nissim, suka kafa hujja ta lissafi cewa muddin aka fitar da amsoshi masu yawa kuma masu daidaito daga wani rumbun bayanai na sirri, to ana iya sake gina abin da ke cikin rumbun kusan gaba ɗaya. An daɗe ana kallon wannan a matsayin hasashen malaman jami'a, saboda ana ganin lissafin da za a yi kan ƙasa sukutum ya fi ƙarfin kowace kwamfuta. Hukumar Ƙidaya ta Amurka ce da kanta ta nuna wa duniya cewa wannan zamani ya wuce.

Ita dai wannan hukuma ba kanwar lasa ba ce wajen tsare sirri. Ma'aikatanta kan yi rantsuwar riƙe amana har ƙarshen rayuwarsu, kuma doka ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ko tarar da za ta iya kai dala 250,000 ga wanda ya fitar da bayanin wani. Takardun da ke ɗauke da sunaye ba a buɗe su sai bayan shekara 72, shi ya sa sai a watan Afrilun 2022 aka buɗe na ƙidayar 1950. A ƙidayar 2010 ta ƙirga mutum 308,745,538, ta buga alƙaluma sama da biliyan 150 a kansu, har zuwa matakin rukunin gidaje, wanda shi ne yanki mafi ƙanƙanta a tsarinta, kuma akwai irinsa kusan miliyan 11, wasu mutanen cikinsu ba su kai goma ba. Domin ɓatar da sawu, ta kan musanya bayanan wasu gidaje da na wasu masu kama da su a wani yankin kafin ta buga.

Duk da haka, sai hukumar ta sa masananta, ƙarƙashin jagorancin babban masaninta na lokacin John Abowd, su shiga rigar ɓarawo, su yi amfani da jadawalan da aka riga aka buga kawai, su ga iya inda za su kai. A watan Fabrairun 2019 aka bayyana sakamako. Daga wani ɓangare kaɗan na jadawalan, sun sake gina jerin mutanen ƙasar ɗaya bayan ɗaya, kowa da rukunin gidajensa da jinsinsa da shekarunsa da launin fatarsa da asalinsa. Na mutum kashi 46 cikin 100 ya yi daidai da abin da ke cikin takardun sirri ba ragi ba ƙari, kuma in aka yafe kuskuren shekara ɗaya adadin ya kai kashi 71. Daga nan suka gwama jerin da bayanan da kamfanoni ke sayarwa a kasuwa, masu ɗauke da suna da adireshi, suka liƙa suna ga mutum miliyan 138. Da aka duba takardun asali, sai aka tarar miliyan 52 daga ciki an cinka daidai, wato kusan kashi 17 cikin 100 na al'ummar ƙasar.

Adalci ne a faɗi cewa akwai masanan da ba su gamsu ba. Steven Ruggles na Jami'ar Minnesota, alal misali, ya yi jayayya cewa yawancin abin da aka cinka ko da canki-canki ana iya cinkarsa, tun da a unguwar da kusan kowa launinsa ɗaya ne babu wata bajinta a faɗin launin wani. Amsar hukumar ita ce, ga mutanen da suka fita daban a rukuninsu, cinkar ta fi dacewa nesa ba kusa ba. A nan gizo ke saƙar. Wanda ya yi kama da dubu, dubun ce ke ɓoye shi. Baƙo da ɗan tsiraru da gwauruwa mai zaman kaɗaici, su ne alƙaluma ke nunawa da yatsa, kuma su ne suka fi kowa buƙatar rufin asiri.

Tun kafin wannan, wata ɗalibar digiri mai suna Latanya Sweeney ta riga ta buga ƙararrawa. A 1997 jihar Massachusetts ta saki bayanan asibiti na ma'aikatanta domin masu bincike, bayan ta goge sunaye da adireshi, ta bar ranar haihuwa da jinsi da lambar shiyyar gidan waya. Ɗalibar ta sayi rajistar masu zaɓe ta birnin Cambridge a kan dala 20, ta gwama su biyun, ta zaƙulo takardun asibitin gwamnan jihar, William Weld, ta aika masa ofis. Bayan haka ta lissafa da alƙaluman ƙidayar 1990 cewa waɗannan abubuwa uku kaɗai sun isa su ware kashi 87 cikin 100 na Amurkawa. Wani bincike na 2006 ya sauko da adadin zuwa kashi 63, amma ko a haka ma, kusan mutum biyu ne cikin kowane uku.

Wa zai cutu, kuma mene ne magani?

Mai karatu na iya cewa, to don an san shekaruna da asalina sai me? Tarihin Amurkar ya ba da amsa. A 1942, bayan harin da Japan ta kai mata, gwamnati ta kwashe kimanin mutum 120,000 'yan asalin Japan, waɗanda kusan biyu bisa ukunsu 'yan ƙasa ne, ta tsare su a sansanoni. Hukumar ƙidaya ta taimaka wa sojoji da jadawalan ƙidayar 1940 masu nuna inda suka fi yawa, unguwa-unguwa. A shekarar ce kuma majalisa ta yi dokar yaƙi da ta ɗage shingen sirrin, kuma a 2007 masu bincike Margo Anderson da William Seltzer suka gano cewa a 1943 har sunaye da adireshin waɗanda ke zaune a yankin Washington an miƙa wa jami'an tsaro. A 2004 kuma aka bankaɗo cewa a shekarun 2002 da 2003 hukumar ta shirya wa jami'an kwastam da tsaron iyaka jadawalan da ke nuna yawan Larabawan Amurka, har da rabe-rabensu bisa ƙasar asali a kowace shiyyar gidan waya. Hujjarta ita ce bayanan na fili ne, kowa na iya haɗa su. Gaskiya ta faɗa, kuma wannan gaskiyar ce abin tsoron. Wanda ya amsa tambaya a lokacin zaman lafiya bai san hannun da amsarsa za ta faɗa ba ranar da zamani ya juya.

Maganin da Amurka ta ɗauka a ƙidayar 2020 ya samo tushe ne daga wani aiki na 2006 da Cynthia Dwork da abokan aikinta uku suka yi. A taƙaice, dabarar ita ce yayyafa kuskure bisa awo. Kafin a buga kowane adadi, kwamfuta kan ƙara ko ta rage wani ɗan abu ta hanyar ƙuri'a, a ma'aunin da zai sa kasancewar mutum ɗaya cikin lissafi ko rashinsa ya zama da wuya a gane shi daga abin da aka buga. Jimillar kowace jiha an bar ta yadda take, saboda da ita ake raba kujerun majalisa. A birnin mutum miliyan ɗaya, kuskuren mutum biyar ba komai ba ne. A rukunin mutum goma sha biyu kuwa babban abu ne, har aka riƙa samun rukunan da takarda ta nuna yara zalla babu baligi ko ɗaya. Jihar Alabama ta kai ƙara a watan Maris na 2021, kotu ta ƙi dakatar da tsarin a watan Yuni, amma ƙorafin masu tsara birane da ƙananan al'ummu bai ƙare ba. Abin da za a fahimta a nan shi ne, daidaito da sirri kamar sikeli suke, in ɗaya ya hau ɗaya ya sauka, kuma yanke shawarar inda za a tsaya aiki ne na siyasa da ya kamata a yi shi a gaban jama'a.

Kundin da ba ya yagewa

Yanzu mu juya ga shela ta biyu. Mai karatu ya kwatanta littafin bashi na ɗan kasuwa, sai dai wannan kowa a kasuwar yana da kwafinsa, kuma kowane sabon shafi yana ɗauke da hatimin lissafi na shafin da ya gabace shi, ta yadda in wani ya taɓa harafi ɗaya a tsohon shafi, duk hatiman da suka biyo baya za su ƙi dacewa, kowa ya gane an yi maguɗi. Wannan shi ne kundin sarƙa. Wani da ya kira kansa Satoshi Nakamoto ne ya bayyana tsarin a watan Oktoban 2008, kuma aka buɗe shafin farko na Bitcoin ranar 3 ga Janairun 2009. Tun daga lokacin, kusan kowane minti 10 ake ƙara shafi, dubban kwamfutoci a faɗin duniya suna riƙe da kwafi, kuma a 2025 girman kundin ya haura gigabayit 600.

An ƙirƙiri kundin ne domin rubuta wa ya biya wa, amma tun daga shafin farko aka cusa masa wani abu daban, domin Nakamoto ya saka kanun labarin jaridar The Times ta Landan na wannan rana game da ceto bankuna. Wasu suka bi sahu da hotuna da wasiƙu da addu'o'i da takardun da aka kwarmata. A 2014 masu kula da babbar manhajar Bitcoin suka ware ɗan gurbi na musamman domin irin wannan, na bayit 40, daga baya ya koma 80, kwatankwacin haruffa 80. A Janairun 2023 wani mai suna Casey Rodarmor ya fito da tsarin Ordinals, wanda ya ba da damar saka hoto ko takarda mai girman kusan megabayit 4 a shafi guda. A Oktoban 2025 kuma sabon zubin manhajar ya faɗaɗa wancan ɗan gurbi zuwa bayit 100,000, bayan zazzafar muhawara tsakanin masu goyon baya da masu adawa.

Babu musu, dawwamar nan tana da ranarta. A Afrilun 2018 wata ɗaliba a Jami'ar Peking ta rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa kan matsin da ta ce ta fuskanta saboda neman bayani game da wani tsohon zargin cin zarafi. Masu tace labarai na ƙasar Sin suka riƙa goge wasiƙar daga intanet, sai wani ya saka ta cikin kundin Ethereum, inda babu mai iya taɓa ta. Sai dai wuƙar da ta yanka wa mai gaskiya ita ce ke yanka wa azzalumi. A wannan shekarar ce masu bincike a jami'ar birnin Aachen ta Jamus suka tace kundin Bitcoin, suka tarar da fayiloli sama da 1,600. Yawancinsu ba su da illa, amma a ciki akwai adireshin shafukan batsa da ƙananan yara guda 274, akwai kuma bayanan mutanen da aka tona da gangan, har da lambar waya da adireshin gida da asusun banki. Jarida in ta ɓata maka suna kana iya kai ta kotu ta janye. Gidan yanar gizo ana iya rufe shi. Wannan kundi ba shi da edita, ba shi da ofis, babu wanda alƙali zai aika wa sammaci.

Masu tallar fasahar kan ce ai babu suna a kundin, lambobi ne kawai. Wannan ita ce maganar da hukumomin ƙidaya suka daɗe suna yi, kuma ramin da ta faɗa shi ne dai ramin. Tun a 2013 Sarah Meiklejohn da abokan bincikenta a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego suka nuna yadda ake tattara lambobin asusu masu yawa a gane na mutum ɗaya ne, sannan a jira ranar da ɗaya daga ciki za ta taɓa wata kasuwar canji da ke karɓar katin shaida. Daga wannan rana, duk cinikin da mutumin ya taɓa yi a baya ya sami suna. A Agustan 2016 aka sace Bitcoin kusan 120,000 daga kasuwar Bitfinex. A Fabrairun 2022, bayan shekara biyar da rabi, hukumomin Amurka suka sanar da kama wasu ma'aurata a New York tare da ƙwato sama da 94,000, waɗanda darajarsu a lokacin ta kai dala biliyan 3.6. Sawun yana nan a kundin tun ranar farko, kayan bin sa ne suka zo daga baya. Babu mai tausayin ɓarawo, amma fitilar da ta haska shi ba ta bambance shi da ɗan jarida ko ɗan kasuwar da ba ya son a san abin da ya mallaka.

Sai su ce to za a saka hatimin bayanin ne kawai, ko a kulle shi da makullin lissafi. Hatimi yana ɓoye abu ne in abin yana da wuyar cinka. A 2014 hukumar tasi ta birnin New York ta saki bayanan tafiye-tafiye miliyan 173, bayan ta mayar da lambobin motoci da na direbobi hatimi. Da yake lambobin gajeru ne masu tsari sananne, wani injiniya ya sa kwamfuta ta buga hatimin duk lambar da za ta iya yiwuwa, ya gwama, cikin 'yan sa'o'i ya warware su duka. Daga baya wani ya nuna cewa daga lokutan da direba ke dakatar da aiki kullum ana iya hasashen wanda ke tsayawa salla. Lambar shaidar ɗan ƙasa ta Nijeriya alƙaluma 11 ce, wato yiwuwa biliyan 100, kuma kwamfutar da samari ke wasa da ita a yau tana iya buga hatimi biliyoyi a daƙiƙa guda, don haka aikin 'yan mintoci ne. Makulli kuma yana tsufa. Tsarin kullewa na DES da Amurka ta amince da shi a 1977, a 1998 wata ƙungiya mai zaman kanta ta fasa shi cikin sa'o'i 56 da na'urar da kuɗinta bai kai dala 250,000 ba. A Agustan 2024 hukumar ma'aunai ta Amurka ta fitar da sababbin makullai saboda fargabar kwamfutar kwantam. Mai rumbun bayanai na yau da kullum yana iya canza kwado. Abin da aka kulle aka jefa cikin kundin sarƙa kuwa yana nan da tsohon kwadonsa, a hannun kowa, yana jiran ranar da mabuɗi zai samu.

Doka ma ta ci karo da wannan bango. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018 ta ba mutum haƙƙin neman a goge bayaninsa, kuma a Afrilun 2025 majalisar hukumomin kare bayanai ta Tarayyar ta fitar da daftarin jagora da ke ba da shawarar a guji saka bayanan mutane a cikin kundin tun daga farko.

Gemun maƙwabci ya kama wuta

Ina ruwanmu da wannan duka? Ruwanmu har tsaki. Ƙidayar 2006 da ta ba da mutum 140,431,790 da takarda da fensir aka yi ta. Wadda aka shirya yi a Mayun 2023, aka ɗage ta ana saura kwanaki kaɗan, an tsara ta ne da na'urorin hannu da taswirar tauraron ɗan'adam mai nuna mazaunin gine-gine, kuma a 2025 an ji fadar shugaban ƙasa na maganar haɗa ƙidaya da ɗaukar bayanan halittar jiki. A Mayun 2023 ɗin ne Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan fasahar kundin sarƙa, a watan Yuni kuma aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanai, wadda ita ma ta ba ɗan ƙasa haƙƙin neman gogewa. Bayanan da maharin zai gwama da jadawali kuwa sun riga sun yawaita. A Nuwamban 2022 hukumar zaɓe ta baje rajistar masu zaɓe sama da miliyan 93 a intanet da sunaye da hotuna domin a duba a yi gyara. Masu lambar shaidar ɗan ƙasa sun haura miliyan 100 tun a 2023. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta ba da rahoton cewa ta sayi takardun shaidar wasu manyan jami'an gwamnati daga wani shafin intanet a kan naira 100 kowace, ko da yake hukumar katin ɗan ƙasa ta musanta cewa an kutsa rumbunta.

A yankin da 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauyuka haraji, suke kuma sace mutane bisa labarin abin da suka mallaka, jadawalin da ya nuna yawan gidaje da mata da kadarorin kowace ruga ko ƙauye ya wuce batun malaman jami'a. An cire tambayar addini da ƙabila daga ƙidayar 1991 da ta 2006 saboda gudun fitina, kuma duk mai neman a dawo da su ya kamata ya fara faɗin matakin da za a buga amsar, jiha ko ƙaramar hukuma ko layi.

A ganina akwai abubuwa huɗu da ya kamata a yi tun kafin malamin ƙidaya ya ƙwanƙwasa ƙofa. Na farko, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta bayyana a rubuce ƙa'idar da za ta bi wajen buga jadawali: yanki mafi ƙanƙanta da za a buga, adadi mafi ƙanƙanta da za a nuna, da dabarar ɓatar da sawu, sannan ta gayyato masana lissafi daga jami'o'inmu su gwada fasa jadawalan kafin a sake su. Wannan ba baƙon abu ba ne gare ta, domin a binciken lafiyar iyali da take gudanarwa akan gusar da alamar kowane rukuni a taswira har kilomita 2 a birni, 5 a karkara. Na biyu, jimillar jihohi da ta ƙananan hukumomi 774 a bar ta yadda take, a taƙaita ɓatar da sawun ga abin da ke ƙasa da haka, a kuma yi wa jama'a bayani tun da wuri. Ƙasar da ta soke ƙidayar 1962 da ta 1973, wadda kuma yawan jama'a ke cikin ma'aunin rabon arzikinta, ba za ta jure ta wayi gari da labarin cewa hukuma ta saka kuskure da gangan ba. Na uku, majalisa ta gina katanga ta doka tsakanin takardun ƙidaya da kowace hukumar tsaro ko ta haraji, tare da hukunci mai tsanani, domin ƙidayar da aka liƙa wa zanen yatsa ta zama rajista, kuma rajista kowace gwamnati mai zuwa za ta gaje ta. Na huɗu, Hukumar Kare Bayanai ta fito fili ta haramta saka bayanin ɗan ƙasa, a buɗe ko a kulle, cikin kundin da ba a iya gogewa. Takardun filaye da sakamakon jarrabawa da bayanan asibiti su zauna a rumbun da ke da mai shi, wanda kotu za ta iya kira.

Ga manyan sakatarori da kwamishinoni da shugabannin jami'o'i da 'yan kwangila za su zo wa da tallar wannan fasaha, tambaya uku sun isa: wa ke iya karantawa, wa ke iya gogewa, kuma me zai faru da wannan bayani nan da shekara 30? Ga matasanmu masu hada-hadar kirifto kuma, duk wanda ya liƙa lambar asusunsa a Facebook kusa da sunansa da hotonsa ya sani cewa ya buɗe littafin cinikinsa na jiya da na gobe ga duk mai son dubawa. Yaron da za a ƙirga yana goye a bayan uwarsa zai iya kai ƙarshen wannan ƙarni da rai, kuma abin da aka buga a kansa zai riga shi isa can. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun yanzu ya kamata majalisa da hukumomin nan biyu su zauna su rubuta ƙa'idar.